Baiwar Allah Daga Kibiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muryata ta fita a rediyo ba.

Lokacin farar hula ba su daɗe da dawowa mulki ba. Hajiya Asabe, tsohuwar malamar firamare a nan Saji, ta kafa mana ƙungiyar mata masu sauraro. Tana da rakoda; mu ɗauki kukanmu a kaset, ta aika gidan rediyo a Kano. Wai talaka ma yanzu yana da baki.

Burtsatsen unguwarmu ya mutu tun kaka, kansila ya yi kunnen uwar shegu. Aka ce ni zan faɗa, tunda bakina ba ya gajiya. Sai dai a hannun kansilan nan maigidana, Malam Sule, ke jiran takin zamani. In ya ji ni ce, gonarmu ta shiga uku.

Sai na yi dabara (a ganina). Na shige ɗaki, na toshe hanci da yatsu biyu, na ce, "Ni wata baiwar Allah ce daga Kibiya, na je ziyara Saji na ga abin tausayi." Na wanke kansila tas. Ban saurari kaset ɗin ba, don tsoro.

Ran Asabar da hantsi mata sun cika tsakar gidanmu, maza na zaure da tasu rediyon. Ga ni nan ina magana kamar akuya mai mura. Ina tsaka da cewa kansila bai san Allah ba, sai muryar surukata, Iya, ta faso a cikin rediyon daga bayan fage, tar da ita:

"Ke matar Sule! Da wa kike surutu a ɗaki tuwo na ƙonewa?"

Mata duk suka juyo suna kallona. Iya kuwa ta washe baki: "Lah, ni ce wannan!"

Kwana uku ko mashin na ji sai na yi bayan rumbu. Ran na huɗu kansila ya yi sallama da kansa. "Malam Sule, a gaishe min da baƙuwarku ta Kibiya. Allah ya ba ta lafiyar hanci."

An gyara burtsatse kafin damina. Taki kuwa sunanmu ya ɓace a takarda. Da kashin shanun maƙwabtanmu Fulani muka yi noman shekarar.

Tun daga nan in zan faɗi gaskiya da muryata nake faɗa. Tsoron ɗaya ne, ba sai na haɗa da wahalar da hancina ba.