Ranar da Na Kai Surukina Kallon Fim ɗin Norway

Na manta abubuwa da yawa a zamana na Maryland ta Amurka, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai surukina silima ba.

Baba, mahaifin matata, ya zo mana ziyara daga Kano, ya sauka a gidanmu na Greenbelt. Tsohon malamin jami'a ne, kuma tun da na auri 'yarsa yake yabona da kunya a gaban dangi. Wannan yabon nake tattali kamar ƙwai. Sai dai ina so ya san ni ma wayayye ne, ba injiniyan da bai san komai ba sai kwamfuta.

A lokacin ana ta zuzuta wani fim da aka yi da harshen Norway. Masu sharhi a jaridu sun ce labari ne mai ratsa zuciya na wani uba da 'ya'yansa. Na haddace sharhin tsaf. (Fim ɗin ne kawai ban kalla ba.) A cikin jirgin ƙasa har lacca na yi wa Baba.

Na ce, "Baba, mutanen nan shirunsu ma magana ce."

Ya ce, "To, madalla."

Da muka isa silima muka zauna a tsakiyar layi, inda babu hanyar gudu. Da farko lafiya lau: ƙanƙara, shan kofi, kowa na kallon taga yana nishi. Baba na gyaɗa kai, ni kuma ina ta hura hanci kamar ni na shirya fim ɗin.

Can sai iyalin suka tafi wankan gumi, wato irin suracen Turawa, a bakin tafki. Uban, da 'ya'yansa manya, har da wata tsohuwa, duk suka tuɓe haihuwar uwarsu, suna bin layi suna faɗawa cikin ruwa. A allon da ya kai bangon gida girma.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba kuwa a natse ya cire tabarau, ya sunkuyar da kai yana goge shi da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa, sannan ya raɗa mini, "Sun gama?"

Suruki mai kunya cewa zai yi, "Ban sani ba, Baba, ni ma kaina a ƙasa yake." Ni kuwa bakina ya riga hankalina.

"Saura tsohuwar, Baba."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ci gaba da duba mana."

Da muka koma gida matata ta tambaye shi yadda fim ɗin yake. Ya ce, "Ni rabi na gani. Tambayi mijinki, shi babu abin da ya wuce shi."

Har yau ina karanta sharhin finafinai, amma na daina yarda da masu shi. Ko dai ba su da surukai, ko kuma surukan nasu ba Hausawa ba ne.