Halo Kano!

Wani mutum ne a unguwarmu, Alhaji Tsalha, Allah ya hore masa baki. In ya fara labarin zamanin wayar girke, sai ka rantse a gadon uwarsa aka haɗa ta.

"Ku yaran yanzu me kuka sani? Kowa da waya a aljihu, har mai tallan rake! Mu a da, lamba ke nuna asalin mutum. Sifiri shida huɗu, Kano ke nan. Mu 'yan birni ne, gidanmu waya biyu, ɗaya ta Baba, ɗaya tawa!"

To, sai Allah ya haɗa shi da wata bazawara, Hajiya Yalwa. Ya mutu a kanta murus. Ita kuwa sharaɗi ɗaya ta kafa masa: ta gaji da maƙaryata, ko ƙarya ɗaya ta kama, an fasa.

Ranar Asabar ya je zance, babbar riga sai ƙamshi. Bai gama zama ba ya ɗauko zancen waya.

Hajiya ta ce, "Ikon Allah! Ai tamu ma tana nan, ta marigayi Baba."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata baƙar waya mai juyawa, ta dire gabansa, dim!

"Alhaji, nuna mini yadda kake kiran gida in kana kanti a Fagge."

Gogan ya naɗe hannun riga, ya zura yatsa. Kirrr, sifiri. Kirrr, shida. Kirrr, huɗu. Ya zarce da sauran lambobi, ko tuntuɓe babu.

Hajiya ta kafe yatsan da ido.

"Alhaji, daga Fagge ka ce?"

"Ƙwarai kuwa!"

"Ai wanda ke cikin Kano ba ya buga sifiri shida huɗu. Sai baƙo mai kira daga wani gari."

Alhaji ya gyara zama. "Eh... to... mu manya mukan ƙara ne don layi ya yi ƙarfi."

"Na ji. Amma lambar da ka juya ɗin nan, ta gidanmu ce."



Sai ta tafa hannu. "La'ilaha! Na tuna muryar! Duk Juma'a akwai wani mai kira daga Azare, yana ihu kamar zai fasa mini kunne: 'Halo Kano! Kano ce? Don Allah a kira mini Yaya Tanimu mai gadi!' Ni ce yarinyar da ke ɗauka!"

Wallahi da na ji labarin har tausayi ya ba ni. Ya miƙe yana laluben takalmi, ya sa na dama a hagu.

Hajiya ta ɗaga kan wayar ta miƙa masa. "Tsaya mana, Alhaji. Ko in kira maka Yaya Tanimu ya raka ka?"

Aure dai ya sha ruwa, labari kuma ya bazu a unguwa. Yau shekara uku ke nan, ko a wajen ɗaurin aure ya ɗaga wayarsa, sai wani ya leƙo ta bayansa ya ce, "Halo Kano! Kano ce?"