Atamfar Faransa da Na Sayo a Maraɗi

Shekarar fari, lokacin soja na mulkin Nijar, na raka aminina Maraɗi. Shekarata ashirin ina ciniki a Katsina, wa zai cuce ni?

A kasuwa wani dattijo ya warware mani atamfa, ya ce, "'Yar Faransa ce, Alhaji, jiya ta sauka." Na taya, ya ce albarka. Sai azahar ya sallama, kamar zai yi kuka.

Na tara mutanen gida na miƙa wa matata Hajiya. Ta duba rubutun da ke bakin zanen ta ce, "Alhaji, yaushe Kaduna ta koma Faransa?"

Mutum da furfurarsa, da carbi a hannu, ya yi mani haka. Har yau ƙannen Hajiya "Alhaji Faransa" suke kirana, ko a wurin ta'aziyya.