Waƙata a Bakin Mai Maganin Ƙwaro

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar wata tsohuwar lasifika ba, mai shaƙaƙƙiyar murya kamar ta wanda mura ta kama, a kasuwar Ɗanbatta. Shekarar da tsadar mai ta mayar da mutane tafiyar ƙafa ce, na gama kwalejin horon malamai ina zaune a ƙauyenmu ba aiki. Inna, mahaifiyata, ta aike ni sayo kanwa da gishiri. Ina ratsa layin 'yan hatsi sai na ji an rangaɗa:

"Ya shigo ba sallama, ya zauna ba izini, ya cinye cikina ya bar ni da ɓawo!"

Na tsaya cak. Baitina ne. Ni na rubuta shi a kan bege, a littafina mai shuɗin bango, ina kallon hadari ta saman gonar gero, har da 'yar ƙwallata. (Kada ku tambaye ni begen wa. Shi kansa bai sani ba.) Kafin in haɗiye yawu mai lasifikar ya ɗora: "Wane ne wannan, jama'a? Ƙwaron wake! Ga maganinsa, ka zuba a buhu ka yi barci har da minshari!" 'Yan kasuwa suka kece da dariya.

Cikin mako biyu tallar ta karaɗe ƙauyenmu. Mata na daka suna rera ta. Baƙo ya daɗe a gidan mutane, a wancan lokacin da kowa ke auna tuwonsa, sai a bi bayansa da "ya zauna ba izini". Na zazzage akwatina, babu littafin babu dalilinsa.

Daga nan na zama 'yar sandan ciki. Mutum ɗaya na taɓa karanta wa baitin: Rakiya, ƙawata tun firamare, wadda muke ci a kwano ɗaya. Kuma yayanta na da teburin shayi daf da mai maganin. Sai na sa mata ido. Ta yi sabon mayafi, na ce ladan cin amanata ne. Ta yi dariya, na ce da ni take. Ta yi shiru, na ce rashin gaskiya ke damun ta. Ran nan ta bar jakarta a ɗakina ta fita alwala, na zuge (Allah Ya yafe mini), sai ga shafi guda na littafin a ninke, da rubutuna ɓaro-ɓaro.

Mai hankali a ɗaki zai tambaye ta. Ni kuwa sai na adana abin har ranar suna a maƙwabta. Tsakar gida cike da mata, ana rabon waina, wata ta ja tallar, saura suka amsa da tafi. Na miƙe tsaye.

"Ku tambayi Rakiya! Waƙata ce ta sace ta kai wa mai maganin ƙwaro!"

Duk matan suka juyo. Rakiya ta dube ni, ta dubi Inna, ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta gyara zama ta ce, "Au, ashe ke ce mai waƙar? To 'yar nan, faɗa mana, wane ƙwaron ne ya cinye miki ciki? Ɗan wane gida ne?"

Sai a lokacin na gane da bakina na tona wa kaina asiri. Ana cikin shewa Inna ta ajiye tiren hannunta.

"Wai littafin nan mai shuɗin bango? Ai ni na ƙulla soyayyar gyaɗa da shi. Leda ta yi tsada. Sai da na tambaye ki, kina zaune kin zuba wa sama ido, kika ce 'to, Inna'. Mai maganin kuwa duk ranar kasuwa sai an kai masa gyaɗata."

Wallahi na tuna. Ta tambaye ni. Ina tsakiyar nemo wa gajimare siffa ne.

Ban san yadda na kai gida ba, takalmina ɗaya ma sai aiko mini da shi aka yi. Wata uku Rakiya ba ta taka gidanmu ba. Na yi ta sintirin ban haƙuri har ƙannenta suka fara yi mini "ta shigo ba sallama". Da ta huce, kunya ta hana ni tambayar ta yadda shafin ya shiga jakarta. Abin da na koya dai, idan an yi mini magana in sauko da idona ƙasa kafin in ce "to", in kuma fara binciken ɓarawo daga kaina.

Sai bayan shekara biyu, ranar sa lallena, ta miƙo mini wani ƙunshi. Shafukan littafina ne, duk sun sha maiƙo. Ashe tun ranar da ta ga rubutuna a ƙullin gyaɗar Inna ta riƙa saye duk wanda ta samu tana ɓoye takardun, ta kuma ƙi faɗa mini don kada in yi fushi da mahaifiyata. Gyaɗar kuwa ƙannenta take raba wa. Ita ko ɗaya ta ci, ƙuraje ke fito mata.