Gara Nan

Ba zan taɓa mantawa da ranar da karatuna na boko ya watsa mini ƙasa a ido a gaban manyana ba (ƙasa ta gaske nake nufi, wadda sai da aka kawo buta).

Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ƙuruciyata a bayan shanu na yi ta, a rugarmu ta wajen Miga, daga baya na dawo Dutse ina sayar da dusa da harawa, muna haya a Limawa, ɗaki biyu, ni da matata Hajara da yara shida. Ni mutum ne mai haƙuri. Wata uku na yi ina rikita b da d ban yi zuciya ba. Amma ranar da baƙaƙen nan suka buɗe mini, sai na zama abin tsoro. Bayan babbar mota, buhun taki, kwalin ashana, ba wanda ya tsira. In muna tafiya da Hajara sai ta ja mayafi ta yi gaba, don ta san zan tsaya a gindin wani allo ina haɗa baƙi da ƙarfi.

A cikin wannan zumuɗin ne na ci karo da gidan. Yana can tsohon gari, a gindin duwatsu, da dabino uku a tsakar gida. Wani attajirin fatake ne ya gina shi tun zamanin da ake kai kaya Kano a kan jakuna. Zaure biyu, ɗaki goma sha ɗaya, zankwaye a saman soro, katanga mai kaurin da mutum zai kwanta a kanta. In ka shigo daga zafin rana sai ka ji kamar ka sa kanka a randa. Magada duk sun koma birni, sun gaji da yaɓe duk shekara, suna neman mai saye. Kowa cewa yake yi fili kawai za a saya, a rushe a zuba bulo. Ni kuwa da na tsaya a zauren na ɗaga kai na ga yadda aka ɗaure rufin, sai na ji ko an ba ni bene a sabon gari ba na so. Na fara raba ɗakuna a zuciyata tun ban san kuɗinsa ba.

Matsalar ɗaya ce. Abin hannuna bai kai ba, sai an sayar da bijimai daga garken da mahaifinmu ya bari, garken kuwa yana hannun yayana Buba, wanda muke kira Hamma. Da na je masa da maganar, ya daɗe yana sakace kafin ya ce, "Saniya haihuwa take yi duk shekara. Gidan ƙasa kuwa ci yake yi duk damina." Da ƙyar ya yarda zai zo ya gani da idonsa, tare da Baffa, ƙanen mahaifinmu. In Baffa ya gamsu, bijimai su tafi kasuwa. In bai gamsu ba, kada in sake tayar da zancen.

Don in yi shiri, na nemi Malam Sale, tsohon maginin ƙasa da aka yi mini kwatancensa, ya duba gidan ciki da bai. Ranar da ya je ina kasuwar Shuwarin. Ya kira ni a waya ya ce, "Na zagaya ko'ina. Na yi maka alama da gawayi a bakin ɗakuna huɗu. In mun haɗu zan yi maka bayani."

Na ce, "Rubutu ka yi?"

Ya ce, "Rubutu ne."

Na ce, "To ai an gama, Malam. Yanzu ni ma ina karatu." (Ku lura da wannan amsar. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito.)

Washegari na je da Hajara. A bakin turakar maigida, ɗakin da ya fi kowanne girma, ga baƙaƙe manya-manya. Na gyara tsayuwa, na sa yatsa. G, a, ga. R, a, ra. N, a, n. Na ja wasalin da daɗi na ce, "Gaara nan." Wato nan ya fi. Gwamma nan da sauran. Muka zagaya muka sami sauran ukun, duk ɗakuna ne masu kyan gani. Farin ciki ya cika ni. Ga gwani ya zaɓar mini ɗakunan da suka fi lafiya, ga shi kuma ni da kaina na karanta ba wanda ya taya ni. Hajara ta zaɓi ɗaya daga ciki nan take, har ta auna inda gadonta zai zauna. Da yamma Malam Sale ya sake kira ya ce, "Ka gane alamar kuwa?" Na ce, "Tsaf." Ya ce, "Kuma hankalinka a kwance?" Na ce, "Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba." Ya ce lallai ni namiji ne.

Ranar Asabar da hantsi baƙi suka iso. Baffa ya sha farar riga da rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure, Hamma da sandarsa ta kiwo wadda ko masallaci ba ya zuwa ba ita. Malam Sale ya ce yana tafe, aiki ya ɗan riƙe shi. Ni ban ga dalilin jiransa ba.

Na shige gaba ina bayani kamar ni na gina gidan. Na nuna musu rijiya, na nuna rumbun da ya rage, na sa Baffa ya shafa katanga. Na ga fuskarsa ta fara saki. Har ya ce, "Mutanen da sun san gini." Hamma ma ya daina kallon ƙofar fita. Sauran ɗakuna bakwai kuwa da gudu na wuce da su, ina cewa, "Waɗannan sai a hankali, ku zo ku ga na gaske."

A bakin turaka na tsaya. Na ce, "Baffa, ka ga wannan rubutun? Magini ne ya yi. Bari in karanta muku." Na karanta a hankali, da yatsa, don su ga inda kuɗin littafi da fensir ya tafi. "Gara nan. Ma'ana, duk gidan nan ba ɗakin da ya kai wannan ƙarfi."

Baffa ya ce, "Masha Allah, ɗana. Ashe karatun ya zauna."

Wannan yabon ne ya ƙarasa ni. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar ɗakin, ya zauna. Na ce, "Hamma, ara mini sandarka." Na nuna azarar rufin, itacen giginyar nan da aka jera yana ɗauke da ƙasar sama. Na ce, "Wannan azarar ta girmi Baffa, kuma za ta ga jikokin jikokina. Ku saurari ƙararta." Na ɗaga sanda na kai mata duka da iya ƙarfina.

Ba ta yi ƙara ba. Sandar ce ta shige ciki kamar na caka ta a tuwo. Na tsaya riƙe da ita. Sai ƙasa ta fara zubowa siririya, sannan ɓawon azarar ya rufto gaba ɗaya, da jar ƙasa, da ƙura, da wasu fararen ƙwari ba iyaka. Da ƙurar ta lafa, na goge idona da ƙyar, na ga Baffa yana zaune inda yake, bai ko motsa ba. Farar rigar ta koma ja. Ƙwarin suna yawo a rawaninsa kamar an ba su hayar wurin.

Ya ɗauki ɗaya a yatsa, ya kawo kusa da ido, ya ce, "Buba, mene ne sunan wannan a Hausa?"

Hamma ya ce, "Gara, Baffa." A gajarce ya faɗe ta, ba ja.

Daidai nan Malam Sale ya yi sallama. Ya dubi rufin, ya dubi Baffa, ya dubi sandar da ke hannuna. Ya ce, "Subhanallahi. Wa ya shigo da ku nan? Ban rubuta akwai gara a ɗakin ba?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige, sai dai garar ta riga ni can. Na kawo buta ina zuba wa Baffa ruwa. Na buɗe baki na ce, "Ai Baffa, a boko duka biyun rubutunsu ɗaya ne."

Ya ce, "Da da ajami ya rubuta, da ka ga ko akwai alif ko babu. Naku ba ya jan baki."

Hamma, wanda rabon da in ga haƙoransa tun bikin 'yarsa, ya dafa katanga yana dariya har da tari. Ya ce, "Mu gode wa Allah bai karanta ta garar aure ba, da mun zo da kwanukan zuba alkaki."

Na riga na sallama gidan a raina. Amma Baffa, da jiƙaƙƙen gemu, ya ce wa Malam Sale, "Kai da ka rubuta, zagaya da mu." Sai ga shi ɗakuna bakwai ɗin da na raina su ne garau. Malam Sale ya bi su ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasa azara, tana amsawa kamar ganga. Zaurukan biyu ba abin da ya same su, katangar ma yaɓe kawai take so. Huɗun nan kuwa sai an sauke rufinsu, a haƙo gidan garar, a sa magani, a kawo sabuwar azara. Ya ce, "Aiki ne na shekara biyu ga mai haƙuri. Mai gaggawa ya je ya sayi bulo."

Baffa ya dubi Hamma. Hamma ya karɓi sandarsa, ya kakkaɓe ta, ya ce, "Haƙuri dai yana da shi, hankali ne sai an taya shi. Za a sayar da bijiman. Amma duk takardar da za a yi da magada, ba kai za ka karanta mana ba."

Yanzu damina biyu ke nan muna ciki. An gyara uku, saura turakar, wadda har yau sama ce rufinta. Aji kuwa ban fasa ba, na ma shiga littafi na uku. Abin da na koya dai shi ne, takarda da bango ba su da murya. In mai rubutun yana da rai kuma yana da waya, ka sa ya faɗa maka da bakinsa kafin ka ari sandar wani.