Darasin Sifaniyanci Ranar Kasuwar Illo

Makon jiya magana ta cika Illo, wai daga yanzu ba mai tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Benin da kaya sai ya iya yaren Turawa. Maƙwabciyata Mashkura, wadda da tumatir take ciyar da gidanta, ta shigo mini ido jajur. Ni kuwa na daɗe ina koyarwa kafin gwiwa ta sallame ni, ban saba haɗiye "an ce" ba. Na yafa mayafi na bi ta zuwa taron horaswar da aka shirya don koyar da yaren.

Masu girma, Allah ya ƙara wa motocinsu sanyi, sun sa taron ranar kasuwa daidai, don a gane masu son ilimi da gaske. Mashkura ta bar kwandunanta a zaure ta zauna layin gaba.

Malamin, Ibrahim Khalil, mutum mai ladabi, ya rubuta kalma ɗaya a allo: llevar. Ta Sifaniyanci ce. Da ita ake ɗaukar kaya, da ita ake sa riga, da ita ake kai yaro makaranta, da ita ma ake faɗin daɗewar mutum a wuri. Bayani mai kyau, wallahi. Sai dai da Turanci ya yi shi, domin darasin na masu jin Turanci ne.

Mashkura ta taɓa ni. "Inna Malama, mi ya ce?"

"Ya ce ɗauka."

"In ɗauki mi? Kayana na can suna zubda ruwa!"

Na ɗaga hannu. "Ɗana, wa ke jin Sifaniyanci a Benin?"

"Hajiya, ni dai abin da aka kira ni in koyar ke nan."

Na juya ga Ranka-ya-daɗe Mai Babbar Kujera, wanda ya zo buɗe taro ya tsaya har soyayyar kaza ta iso. Ya ce, "Hajiya, ai duk yaren waje ne. Duniya ta ci gaba."

Haka ne. Mutanen ƙetare surukanmu ne, da Dendi da Hausa muke ciniki tun kafin a shata iyakar, ofisoshinsu kuma Faransanci suke yi. Amma wace ce ni da zan ja da ci gaba?

Bayan la'asar aka jera mu, aka ce kowa ya yi murmushi, aka ɗauki hoto.

Washegari na tare Yero direba, wanda a ranar taron ya tsallaka iyaka da motarsa cike. Babu wata doka. Ba wanda ya tambaye shi yare. Shi aka ba maganar ya baza a tasha don ɗakin taro ya cika a hoto. Tumatirin Mashkura awaki suka cinye.