Tikiti Na Uku Da Mai Bugu Na Huɗu

"Sa mini albarka, Kaka."

"Allah ya yi maka albarka, in ta samu wurin zama. Tsaya daga nan, kada ka matso. Wa ya mutu?"

"Wa ya ce miki an yi mutuwa?"

"To, aure ake yi? Na ga an yi aski, an goge takalmi, ga ƙamshi ya riga ka shigowa gida. Kai da in ka wuce har awaki ke kawar da kai."

Doña Casilda tana zaune a baranda bisa kujerarta mai lilo, tire a cinya tana tsince wake, rediyo a gefenta. A wannan gari nasu na 'yan rake da ke kusa da San Pedro, babu wanda bai san tsohuwar da ƙwallon besbol ba. Mijinta ya rasu, haƙoranta sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, amma kujerarta a filin wasa ba ta taɓa yin ƙura ba. Ranar Lahadi ƙungiyar garin, 'Yan Rake, za ta kara da 'Yan Gaɓa, wanda ya ci shi ke da kofi. Shi ya sa tun da safe ta aiki jikanta Eudis, ɗan acaɓa, ya sayo musu tikiti biyu a ɓangaren inuwa. Sai ga shi da rana tsaka, yana sheƙi kamar sabon kwano.

Ya miƙa mata. Ta shafa da yatsa, ta ɗaga kai ta dube shi ta saman tabarau.

"Uku ne."

"Idonki ne, tsohuwa. Ya fara ninka abu."

"Idona ya ga haihuwar uwarka, kuma ya gan ka kana cin ƙasa a tsakar gidan nan. Na ukun na wa?"

"Na jakarki. Kullum sai ta cinye kujerar mutum guda."

"Uhm."

Ta ajiye tikitin ƙarƙashin rediyo, ta ci gaba da tsintar wake. Ba ta yarda ba, amma ta san jikanta: in aka bi shi ta ƙofa sai ya fice ta taga. Gara ta zagaya.

"Ka ji abin da kocinku Radhamés ya sake yi?" ta ce. "Wai ranar Lahadi ma Wáscar ne na huɗu a jerin masu bugu. Na huɗu! Wurin da ake sa namijin da bugunsa zai kwaso 'yan wasanmu daga tashoshin fili zuwa gida, a ci maki. Shi kuwa in ya ɗauki gora, sauro kawai yake kora."

"Ai ba laifi Wáscar ɗin."

Hannun Doña Casilda ya tsaya cak a cikin wake.

"Me ka ce?"

"Na ce yaron yana ƙoƙari."

"Maimaita, kunnen hagu ne ya ji, shi kuwa maƙaryaci ne."

"Kaka, ranar Laraba ba ki ga bugun da ya yi ba? Saura ƙiris ƙwallo ta haura katanga. Iska ce ta dawo da ita."

"Iska! Iskar nan ba ta san hanyar kowa ba sai tasa? Ranar Larabar ba tashoshin uku duk cike suke da mutanenmu ba, kowa ya ɗaga ƙafa yana jiran ya rugo gida? Ya kai duka, iska. Ya sake, iska. Na uku ko motsi bai yi ba, ya tsaya yana kallon ƙwallo ta wuce kamar an ce masa surukarsa ce. Kai da bakinka ka ce a sayar da shi a sayo buhun gawayi."

"Zafin wasa ne."

"Ka ce ko ni aka ba gora da sandar tafiyata zan fi shi."

"Wannan kam ƙarya na yi. Ke in kika ruga tasha ta farko, sai an kunna fitilun fili kafin ki isa."

"Zan isa dai, ja'iri. Shi fa ko hanyar bai sani ba. Ga Yúnior can an dasa shi a benci kamar tukunyar fure, yaro mai ido, mai ƙafa."

"Yúnior? In aka jefo masa miƙaƙƙiya, to. Amma a lanƙwaso masa ita kaɗan, sai ki ga yana rawa kamar an taka masa yatsa. Mai jifan 'Yan Gaɓa kuwa ba ya jefa komai sai lanƙwasasshiya. Kuma wa zai tsare mana tasha ta farko? Wáscar ko ƙwallo ta taho ta ƙarƙashin ƙasa sai ya cafke."

"Oho. Har da hujjoji aka yo guzuri." Ta ture tiren gefe. "Ruwa ba ya tsami banza. Eudis, dube ni. Caca ka shiga? Ka zuba wa 'Yan Gaɓa kuɗinka, shi ya sa kake so a bar mana wannan gunkin a na huɗu?"

"Ni da ko na mai ban gama haɗawa ba?"

"To Radhamés ne ya saye ka. Me ya ba ka? Hula?"

"Kai, tsohuwar nan! Da 'yan sanda sun san da ke, da sun sallami karnukansu."

"Kare ma ya ji wannan turaren sai ya yi atishawa."

Eudis ya jawo kujera ya juya ta, ya zauna yana fuskantarta, ya ɗora haɓa a kan majingina.

"Tunda bincike ake, bari ni ma in yi nawa. Wannan Yúnior da kike ta yi wa kirari, ba jikan Don Nicanor ba ne?"

"Sai aka yi yaya?"

"Don Nicanor da ke aiko miki da fiya kullum safiya? Manya-manya, zaɓaɓɓu? Duk layin nan babu gwauruwar da ake kai wa fiya sai ke. Banza ba ta kai zomo kasuwa, Kaka."

"Rufe mini baki, mara kunya! Mutumin da in ya yi dariya sai ya riƙe haƙoransa na roba da hannu?"

"Ai kun dace. Shi na sama, ke na ƙasa, ku haɗa ku ci nama."

Ta wawuri wake ta watsa masa. Ya kare da hannu yana dariya. Sai kuma dariyar ta ɗauke, ya gyara zama, ya yi ƙasa da murya.

"Kaka, kin san wata Malama Perfecta daga ƙetaren gada?"

Doña Casilda ko gira ba ta motsa ba. Tun farkon kakar wasa, kullum da tsakar rana in maƙwabta sun shige ɗaki, takan koma bayan gida, ta lulluɓe bakin wayarta da hankici, ta kira shirin ƙwallo na rediyo da wannan suna. A nan take wanke Radhamés tas, ta shanya Wáscar. Garin kaf ana jiran kiranta, har masu shago kan ƙara murya. Ita kuwa tana ganin daga ita sai Mahaliccinta suka sani.

"Ina jin ta dai a rediyo," ta ce. "Mace mai hankali. Ta san ƙwallo."

"Jiya ta ce hannun Wáscar na ɗiban miya ne, ba na gora ba."

"Ta yi gaskiya."

"Shekaranjiya ke ma haka kika ce mini a nan wurin."

"Gaskiya ai ɗaya ce, ko'ina ka je ita za ka tarar."

"Muryarku ma ɗaya."

"Duk tsofaffi muryarmu ɗaya, kamar yadda duk 'yan acaɓa ƙaryarku ɗaya. Ni da ko katin waya sai na roƙe ka? Kada ka juya mini magana. Tikitin wa?"

Eudis ya sosa sabon askinsa. Ya dubi titi, ya dubi takalminsa. Doña Casilda ta lura kunnuwansa sun yi ja, nan take ta gane ba caca ba ce, ba kuma hula ba. Abin ya fi haka tsada.

"Sunanta Yamilka," ya ce. "Tana aiki a kantin magani na bakin kasuwa."

"Ahaf! Biri ya yi kama da mutum. 'Yar gidan wa?"

"Ƙanwar Wáscar ce."

Kujerar lilo ta tsaya.

"Duk 'yan matan garin nan," ta ce a hankali, "har da na ƙauyukan rake, ba ka ga kowa ba sai jinin mai korar sauro? In kun haifi yaro, ko cokali aka ba shi sai ya kuskure baki."

"Kaka, ba wasa nake ba. Aurenta zan yi. Na je gidansu, uban ya karɓe ni. Uwar ce matsalar, Doña Milagros. Kullum tana gindin rediyo, in Malama Perfecta ta gama sai ta shiga ɗaki ta yi kuka. Shi kansa Wáscar abinci ya daina shiga masa, a fili yara na binsa suna cewa mai ɗiban miya. Uwar ta rantse a gaban hoton Budurwa Maryamu, in ta gano matar nan, jininta da nata ba za su haɗu ba har abada."

Doña Casilda ta jawo tiren ta mayar cinyarta. Ita a ranta koci take yi wa gyara, ba ta taɓa kawo wa cewa akwai wata uwa a ƙarshen wayar ba. Ta tuna shekarar da nata ɗan, kawun Eudis, ya saki ƙwallo a wasan ƙarshe, yadda ta yi wata guda ba ta leƙa kasuwa ba. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

"To ni ina ruwana? Ta je ƙetaren gada ta nemi Perfectarta."

"Ta je. Gida-gida. Babu mai wannan suna."

"Sai ta yi haƙuri. Ba ta da shaida."

"Tana da shi. Zakara."

"Wane zakara?"

"Duk sanda matar ta kira, akwai wani zakara da ke cara a bayanta. Kuma ba cara irin ta zakarun Allah ba. Ya fara lafiya lau, in ya kai tsakiya sai ya sarƙe, ya ƙarasa da tari kamar tsohon mashayin taba. Doña Milagros ta ce ko a mafarki ta ji shi za ta gane shi."

"Zakaru masu tari sun cika ƙasar nan."

"Ranar Lahadi kafin wasa za su zo gaishe ki, ita da Yamilka. Ni na gayyace su cin rana."

Kamar jira yake a ambace shi. Daga bayan gida jan zakaran Doña Casilda ya ɗaga murya, ya ja ta sama da ƙarfinsa, ya kai tsakiya ya sarƙe, ya ƙarasa da ƙoho-ƙoho-ƙoho.

Kaka da jika suka dubi juna. Eudis ya cije leɓe, kafaɗunsa na rawa. Ita ta yi ta maza, ta ɗaure fuska, ta ɗaure, har abin ya fi ƙarfinta. Dariya ta ƙwace mata, ta riƙe ciki, tabarau ya zame, wake ya watse a baranda.

"Munafuki!" ta ce tana share hawaye da gefen zane. "Ni na ciyar da shi da masarata, ashe ɗan leƙen asiri nake kiwo. Shege mai baƙin maƙogwaro!"

"Rana dubu ta ɓarawo, Malama Perfecta."

"Kul! Perfecta ta yi ƙaura. Daga yau ta tsallaka teku wurin 'yarta a Nueva York, can babu rediyon garin nan. Ka ji ko?"

"Na ji. Allah ya kai ta lafiya."

"Tashi ka kamo shi ka ɗaure. Ranar Lahadi da rogo da agada da masara zan dafa shi, romo ya yi kauri. Zan ba surukarka kyauta, ta cinye shaidarta da bakinta."

Eudis ya miƙe, ya sunkuya ya sumbaci goshinta. Ta ture shi.

"Matsa, turarenka zai kashe ni kafin in ga kofi. Kuma ka ce su taho da Wáscar ɗin."

"Kaka, me za ki yi masa?"

"Cinya biyu zan zuba masa da hannuna. Tunda Radhamés ya rantse sai ya bar shi a na huɗu, kuma kai ka rantse sai ka jawo mana shi cikin dangi, gara ya shiga fili da abu a ciki. In ya buga, surukina ne. In ya sake korar sauro, naka ne kai kaɗai."